Tsantsenin Malam Abdullahi da Kujerar Mulki

An ce hali zanen dutse, amma tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sa nake shakkar cewa hali kaɗai ke yanke wa mutum gurbin aiki. Wajen 1807 ya ga son duniya ya shiga rundunar jihadi, ransa ya ɓaci, ya kama hanyar Makka. Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, sannan ya dawo. Za a ce mai irin wannan tsantseni bai dace da mulki ba. To, shi aka danƙa wa yammacin daula a 1812, daga baya ya zauna Gwandu har rasuwarsa, halin nan bai sauya ba. Haka ma akawu a Kalgo da ke ƙin sa hannu kan takardar da bai karanta ba, abokan aiki sukan ce taurin kai gare shi, amma ranar binciken kuɗi teburinsa suke zagayewa.