Ƙarfen Soja Tsakanin Maƙera da Gidan Tarihi

A makarantar da na fara koyarwa, cikin wani ƙaramin gari na jihar Maraɗi, ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a reshen dogon yaro. Da hantsi ɗaya daga cikin yara kan ɗauki guntun ƙarfe ya buga, amon ya kai har gonakin bayan gari. Shekara uku ina jin wannan ƙara ban taɓa tambayar asalinta ba, sai ranar da maigadinmu, wani dattijo tsohon soja, ya kankare tsatsar gefen ƙarfen da farce ya nuna mini sauran koren fenti. Ya ce ƙafar Berliet ce ta soja, irin wadda ya sha shiga yana saurayi. Tun daga ranar wata tambaya ta zauna mini: motocin soja da suka mutu, waɗanda gawarwakinsu ke zube a bayan bariki da wuraren ƴan tsohon ƙarfe, ya kamata mu ceci sassansu mu adana, ko kuwa mu bar wuta ta cinye su?

Wanda ke son ya yi wa tambayar adalci sai ya fara ratsa kasuwar Katako ta Yamai, ko layin maƙera na Damagaram da Tawa. Can zai ga cewa a ƙasarmu mota ba ta mutuwa sau ɗaya. Faifayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta, waɗanda makanikai ke kira sifirin, su ne maƙeri ya fi ƙauna, domin ƙarfe ne mai tauri da ke riƙe kaifi: daga cikinsu ake fitar da gatari da adda da lauje da bakin hauya. Alminiyon inji a narkar da shi, a zuba cikin yashi, ya fito tukunya ko ludayi. Sandar da ke haɗa ƙafafu ta koma ƙarƙashin amalanken jaki. Taya ta zama takalmi, robar cikinta ta zama guga a bakin rijiya. Motar soja kuwa, da yake an ƙera ta don wahala, ƙarfenta ya fi na sauran kauri da ƙwari, shi ya sa ba ta daɗewa a juji.

Ban ga yadda mai hankali zai raina wannan aiki ba. Abin da aka ƙera don ya kai mutane wurin kisa, ga shi yana noma hatsi, yana dafa tuwo, yana kiran yara zuwa karatu. Malamanmu kan tuna mana cewa a cikin Alƙur'ani akwai sura guda mai sunan ƙarfe, kuma sukan yi bayanin cewa cutarwa da amfani duk a jikinsa suke. Maƙeri, ba tare da ya yi wa kowa lacca ba, yana juyar da ƙarfe daga fuskar farko zuwa ta biyu. Sannan akwai maganar tuwon dare. Yaron da ke yawo da buhu yana tsintar ƙarfe, da mai awo da ke saye kilo kilo, da mai hura zuga, kowannensu yana da bakunan da ke jiransa a gida. In wani mai albashi irina ya zo ya ce a bar wannan tarkace domin tarihi, suna da haƙƙin su tambaye shi ko tarihi na cika tukunya.

A Turai akwai masu sha'awar tsofaffin motocin yaƙi, suna bin juji suna neman fitila ko marfin inji na asali, su gyara mota ta koma kamar ranar da ta fito daga masana'anta. A Faransa ma, kusa da birnin Liyon, akwai gidauniya mai sunan Berliet da ke adana motocin wannan kamfani, wanda manyan motocinsa suka ratsa Tenere a 1959 da 1960. Ba na zarginsu, sai dai sha'awarsu ta mai ƙoshi ce, kuma ta wanda ya ƙera abin da hannunsa. Mu ba mu ƙera ba. An kawo mana su ne, wasu a zamanin mulkin mallaka, wasu bayan an kafa rundunar sojan ƙasa a 1961, kuma sau da yawa talaka daga ƙasa ya hango su, ƙura na tashi, yana janye ɗansa daga hanya. In har za mu adana wani abu, dalilinmu ba zai zama kyan injin ba.

Dalilin, a ganina, shaida ne. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma duk malamin da ya taɓa koyar da tarihin Nijar da alli da allo kaɗai ya san nauyin wannan magana. Sau biyar soja suka karɓi mulki a ƙasar nan: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Sau biyu aka yi tawaye mai tsawo a arewa, na farko daga 1990 zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, na biyu daga 2007 zuwa 2009, lokacin da nakiyoyi suka tarwatsa motoci da mutanen da ke cikinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan al'amura da aka yi da ƙafa. Ranar 9 ga Afrilun 1999, da bindigar da ke girke bisa mota aka harbe shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin sama na Yamai, kuma tsarin mulkin da ya biyo baya ya yi afuwa ga waɗanda suka aikata. Inda doka ta rufe bakin mutane, abin da ya rage mai iya magana shi ne kayan da aka yi aikin da su. Mota irin wannan in ta shiga wuta, ba ƙarfe kaɗai ne ya narke ba.

Ba wai ba mu san darajar shaida ba. A 1973 wata babbar mota ta buge itaciyar nan ta Tenere, wadda ta daɗe tana zama alama ga ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Busasshen icce ne da bai fi a yi girki da shi ba, amma aka ɗauko shi har Yamai, aka gina masa rumfa a gidan tarihi na ƙasa, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama. A gurbinsa kuma aka kafa wata itaciya ta tarkacen ƙarfe. Haka nan a 2007 iyalan mutum 170 da suka halaka cikin jirgin UTA a 1989 suka tsayar da reshen jirgin a cikin rairayi, da sunayen mamatan a jikinsa.

Amma akwai wani tsoro da ban iya kawar da shi daga zuciyata ba. A ɗauko motar sulke, a shafe ta da sabon fenti, a ɗora ta bisa dandamali a tsakiyar gari: me yaro ɗan shekara goma zai koya? Zai hau, ya riƙe bakin bindiga, ya yi mafarkin ranar da zai tuƙa irinta. A ƙasar da ta ga abin da ta gani, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fenti kan rufe ramin harsashi, ya mayar da shaida ado. Su ma mutanen da suka tara makaman tawaye a Agadas ranar 25 ga Satumban 2000 suka cinna musu wuta suna da tasu hikimar: akwai ƙarfen da zaman lafiya ke bukatar a ga ƙarshensa. Sai dai a lura, a bainar jama'a aka ƙone su, da rana, kowa ya san abin da ake ƙonewa da dalili. Ya bambanta da narkewar da ake yi shiru, bisa sikeli, ko lodin da tirela ke fita da shi ƙasar waje ba wanda ya tambayi ko na mene ne.

Saboda haka ni dai ina tare da maƙeri a kan mafi yawan ƙarfen. Cikin mota ɗari, a bar masa casa'in da tara, ya fi mu sanin abin da zai yi da su. Guda ɗayar da ta ga wani abu ita ce za a fitar, ko da ƙofarta ce kawai, ko ɗan allon ƙarfen da ke ɗauke da lambarta da shekarar ƙira, wanda bai kai nauyin faranti ba. A saya da kuɗi a hannun mai ita, kada a ƙwace da sunan al'adu. A bar ta da tsatsarta da lotsewarta. Kuma kada a ajiye ta ita kaɗai: a nemi direban da ya tuƙa ta, da makanikin da ya kwanta ƙarƙashinta, da matar da aka kawo wa gawar miji a bayanta, da wanda aka ɗauka a cikinta zuwa kurkuku, a naɗi muryoyinsu da Hausa da Zabarmanci da Tamashek tun suna raye. Wannan aiki bai fi ƙarfin ƙungiyar al'adu ta gari ko malamai biyu da ɗalibansu ba, kuma shi ne ya fi gaggawa, don ƙarfe na iya jiran shekara ashirin a rana, tsoho kuwa ba ya iyawa. (Gargaɗi ɗaya ga malamai: kada a tura yara tono a tsohon sansanin soja, harsashi da nakiya ba su san an gama yaƙi ba.)

Maigadinmu ya rasu ban rubuta ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. Na san ya ambaci hanyar Ingal da wata rijiya da suka kwana uku a bakinta suna jiran gyara, sauran duk ya ɓace mini. Da na koma garin bara, na tarar ƙarfen na nan a reshen dogon yaron, koren fentin ya ida gogewa. Na tambayi yaron da ya buga tashi ko ya san daga ina ƙararrawar ta fito. Ya dube ni da mamaki, ya ce ai tun da aka gina makarantar take nan.