Idan Maƙwabci Ya Gaishe Mu Ranar Kirsimeti

Ƴan'uwa, Kirsimeti ya matso, tambayar da ake kawo mana kowace shekara kuma ta dawo: in Kirista ya gaishe mu da gaisuwar bikinsu, me za mu ce?

Malamai sun yi saɓani kan taya su murnar bikin kansa. Wasu sun hana, wasu sun halatta muddin ba a furta abin da ya saɓa wa tauhidi ba. Amma babu malamin da ya ce a ɗaure fuska ko a yi baƙar magana. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta bar mana ƙofar kyautatawa ga wanda bai yaƙe mu ba, Annabi (SAW) kuma ya karɓi Kiristocin Najran a Madina.

Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ai Hausa ba ta ƙare ba. Ka ce "na gode, a yi hutu lafiya." Ɗan kasuwar da zai tafi ƙauyensu, ka ce Allah ya kiyaye hanya. Mutanen nan fa su ne ke ce mana barka da Sallah, har mu aika musu naman layya.

Matasanmu na shago da masu dako, da ku muke. Rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021, nan Ibadan, da cacar baki ya fara, kuma kun ga rayuka da shagunan da aka rasa. Iyaye mata, in an aiko da shinkafa, a karɓa da fara'a, a yi godiya. Mai shakka kan naman ya ga Liman bayan salla.