BAƘO A CIKIN RUWA: LAIFIN WA?

Bahaushe ya ce baƙonka Annabinka, ya kuma ce baƙo raɓa ne, watau gari na wayewa zai kama hanya. To, amma yaya za a yi da baƙon da bai zo da ƙafarsa ba, ɗauko shi aka yi, ya zauna, ya hayayyafa, har ya cinye masu gida? Wannan tambaya ce nake so mu yi nazari a kanta, kuma da kifi zan kafa misali, domin a bakin gulbi na tashi, a ƙasar Bakura.

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin su na Argungu ya san giwan ruwa. Shi ne kifin da ake alfahari da shi, ɗan asali ne a Kwara da gulaben da ke zuba cikinta, da Tafkin Cadi. A nan yana zaune da tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu da tsage tun ba a san lissafi ba. Yana cin na ci, amma bai ƙarar da kowa ba, don kowa ya san dabarar tsere masa. A shekarun 1950, zamanin mulkin Ingilishi, aka ɗauki wannan kifi aka zuba a Tafkin Biktoriya da ke tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya, wai don ya cinye ƙananan kifaye marasa daraja ya mayar da su nama mai tsada. A tafkin akwai dangin ƙarfasa wajen iri 500 waɗanda babu su ko'ina a duniya sai can. Giwan ruwa ya yi shiru kusan shekara ashirin, sannan a shekarun 1980 ya cika tafkin, aka nemi wajen iri 200 aka rasa. Ɗan gidanmu mai ladabi ya zama annoba a gidan wasu. Haka aka yi a Tafkin Atitlan na Gwatamala, inda aka zuba kifin bas na Amurka a 1958 don jawo masu kamun kifi na nishaɗi, ya cinye abincin wani tsuntsun ruwa da 'ya'yansa, kafin 1990 tsuntsun ya ƙare.

Shin kifin ne ya yi laifi? Ko kusa. Laifi sai da niyya da zaɓi, kifi kuwa ba shi da ko ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu ne kuwa muka tsaga bangon.

Mu dawo gida. Baƙon da ya shigo Gulbin Sakkwato a yankinmu ba kifi ba ne, siminti ne. Daga 1974 zuwa 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori. Tafkin ya shanye kimanin hekta 8,000, ciki har da gonakin mutanen Maradun, don a yi noman rani a ƙasar Talata Mafara da Bakura. Da ruwan damina ya cika gulbi sai ya malala cikin fadamu, kifi ya bi shi ya yi ƙwai cikin ciyawa, ƙananan su girma, sannan su koma gulbi in ruwa ya janye. Da aka tare ruwan sai ambaliyar ta ragu. Wani masani, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasan madatsar, ya nuna cewa kamun kifi da noman shinkafar fadama duk sun ja baya. Manoman da suka nemi diyyar gonakinsu kuwa, a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka far musu a Birnin Tudu, aka yi asarar rayuka.

Na taɓa tambayar wani dattijo Basarke, abokin kakana, yana zaune yana gyaran homa, na ce, "Baba, ina kifin da kuke ba mu labari?" Ya ce, "Ɗana, kifi bai gudu ba. Ɗakin haihuwarsa aka rushe."

Wani zai ce, ai ci gaba ba ya samuwa sai an taɓa wani abu. Gaskiya ne, ba na musu. Giwan ruwa ya kafa masana'antu a Kisumu da Mwanza, ana sayar da namansa har Turai, dubban mutane suka sami aiki. Shinkafar Bakolori ma ta ciyar da gidaje da yawa, har da namu. Shi kansa masara da rogo da tumatir baƙi ne daga nahiyar Amurka, ga shi sun zama 'yan gida. Saboda haka baƙunta ita kaɗai ba aibu ba ce.

A ganina tambayoyi uku ne ke raba baƙon alheri da na sharri. Ta farko, in abin ya ɓaci ana iya mayar da shi? Manomi na iya tuge rogo ya shuka gero, amma babu mai taru da zai tsame giwan ruwa daga Biktoriya, irin da ya ƙare kuma ya ƙare ke nan. Ta biyu, wa ke cin riba, wa ke biyan bashi? A can, mai babban jirgi da kamfani suka samu, matar da ke shanya ƙananan kifi a rana ta rasa sana'a, shi sabon kifin kuwa saboda maiƙonsa sai an banda shi da itace. A nan, wanda ke kusa da magudanar ruwa ya samu, Basarken da ke ƙasa ya rasa. Ta uku, an shawarci masu wurin? Sarkin Ruwa ba shi da digiri, amma ya san watan da kifi ke ƙwai, ya san tafkin da ake hana su a cikinsa sai an buɗe.

Ban kawo wannan don tonon tsohon miki ba. Yau kiwon kifi ya bazu, ana sayo 'ya'yan kifi daga nesa, har da barbarar yanyawa tsakanin tarwaɗa da ramboshi. Ambaliya ɗaya ta isa ta kwashe su daga kududdufin mai kiwo zuwa gulbi. Mu ɗalibai mu ne gobe za mu zauna a ofisoshin da ake sa hannu a kan irin waɗannan takardu. Gulbi amana ce, ba mu muka haƙa shi ba, kuma akwai masu haƙƙi a cikinsa da ba a haifa ba tukuna. Wanda bai iya amsa tambayoyin nan uku ba, ya dakata da sa hannu har ya je ya tambayi masu homa.

Allah Ya sa mu dace, amin.