Laifi Tudu Ne: Kifin Tukunyarmu da Wa'azin Bakinmu

 

Kwanan baya a ajinmu na matan aure nan cikin birnin Katsina muna karatu a kan almubazzaranci, sai zance ya gangaro kan tsadar kifi. Na buɗe baki na yi ta faɗa a kan masuntan da ke zuba guba a ruwa, da masu jan gidan sauro a madadin taru suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ko ɗan yatsa ba. Da na numfasa, sai wata dattijuwa cikin ɗalibaina, wadda ta taso a gidan masunta a wajen Dutsin-Ma, ta ce, "Malama, Allah Ya gafarta maki, to wa ke saye?" Na ce, "Inna, mu ne." Wallahi a ranar ma akwai kwano guda na irin waɗannan 'ya'yan tarwaɗa busassu a ɗakin girkina, na saya don araha.

Allah (SWT) Ya sanar da mu a Suratun Nahli, aya ta 14, cewa Shi ne Ya hore mana teku don mu ci ɗanyen nama daga cikinsa. Kifi halal ne, ni'ima ne. Amma a Suratul A'arafi, aya ta 31, bayan Ya halatta ci da sha, sai Ya hana ɓarna. Kifin da aka kama kafin ya yi ƙwai, an ci shi an ci zuriyarsa. Gidan sauron da ake raba wa masu juna biyu a wajen awo, idonsa ƙanana ne, ba ya barin komai ya tsira. Ita kuwa guba irin Gamalin 20 ba ta zaɓe: babba da ƙarami duk kashewa take yi, ta gurɓata ruwan sha, ta biyo kifin har cikin miyar 'ya'yanmu. Tun 1992 dokar kamun kifi ta Nijeriya ta haramta su da guba ko abin fashewa. To madatsunmu irin su Zobe da Jibiya da Ajiwa ba teku ba ne, idan aka yi masu kwasar karan mahaukaciya ƙarewa za su yi.

Har tekun ma ya fara gajiya. Rahoton hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna kashi 37.7 cikin ɗari na rukunonin kifin teku da aka bincika ana kama su fiye da yadda suke hayayyafa, alhali a 1974 kashi 10 ne kacal. A gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya kuma akwai masana'antun da ke niƙe kifin da talaka ke ci, su mai da shi abincin kifin kiwo da dabbobi a Turai da Asiya, inda ake yawan taruka a kan kare muhalli. Wannan fuska biyu ce. Amma kafin mu nuna su da yatsa, mu tuna laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Masunci ba zai sha wahalar shanya 'ya'yan kifi ba in ya san ba mai taya su. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A Suratus Saffi, aya ta 2 da ta 3, Allah Ya zargi muminan da ke faɗin abin da ba su aikatawa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Usama bin Zaid (RA) labarin mutumin da za a jefa a wuta, hanjinsa su zubo, yana kewaya su kamar jakin niƙa, saboda yana horo da alheri ba ya yi, yana hani da mummuna yana aikatawa. Allah Ya tsare mu.

To shin sai mu kame bakinmu tunda mu ma muna da laifi? A'a. An ruwaito daga Sa'idu bin Jubair cewa da sai marar aibi ne zai yi nasiha, da ba a sami mai nasiha ba. Abin da ake so, mu faɗi gaskiya kuma mu fara da kanmu. Hakanan wanda aka yi wa gyara kada ya fake da "ai ke ma kina yi".

Magabatanmu sun san wannan. A Argungu ba a su a Matan Fada sai lokacin biki, Sarkin Ruwa na kula, shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai girman mutum.

'Yar'uwa, cefane a hannun maigida yake, amma ke ce mai faɗin abin da za a sayo. Ki roƙe shi cikin ladabi a riƙa tambayar mai kifi: akwai wanda halittarsa ce ƙarami, ba laifi a kansa, akwai kuma 'ya'yan tarwaɗa da karfasa da aka katse wa girma. Tarwaɗar kiwo tana nan a gari. Gidan sauro kuwa a rataya wa yara, kada a sayar. Wadda kuma talauci ya tilasta mata sayen na araha, kada mu kunyata ta, mu taimaka mata, domin Allah ba Ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa.

Ni dai na koma aji na gaya wa Inna na daina. Allah Ya sa ayyukanmu su gaskata maganganunmu, Ya yafe mana kurakuranmu, amin.