Yardar wanda bai san ruwa ba

A jihar Yuta ta Amurka, inda neman abinci ya ajiye ni, akwai wani irin kwazazzabo da ban taɓa ganin kamarsa a gida ba. Ruwa ne ya yi ta cin jan dutse shekaru aru-aru har ya tsaga shi, tsagi mai zurfi da ƙunci, ta yadda mutum zai miƙa hannuwa ya taɓa bango biyu lokaci guda, ya ɗaga kai ya ga sama ta koma kamar zare. Mutanen nan suna shiga waɗannan tsagogi yawon buɗe ido, da yaransu da tsofaffinsu. Ni ma na kamu da son abin, har na yi ƴan shekaru ina bin waɗanda suka fi ni sani.

Bara, cikin watan Agusta, ƙanen matata ya zo mana hutu daga Yamai. Saurayi ne mai shekara 24, da ƙarfinsa. Ya ga bidiyon mutane suna sauka cikin tsagi da igiya, ya ce lallai sai na kai shi. Ɗiyata mai shekara 6 ta ji muna maganar, ta ce ƙafarta ƙafarmu. Zaɓen hanya ya faɗo a kaina, kuma daren nan ban yi barcin kirki ba.

Masu wannan harka suna da ma'auninsu. Lamba 1 zuwa 4 tana nuna wahalar hanya: 1 tafiya ce kawai, 2 akwai ɗan hawa da sauka da hannu, 3 sai da igiya, 4 ta gwanaye ce. Harafin A zuwa C yana nuna ruwa: busasshe, ko kwantaccen ruwa, ko mai gudu. Sai lambar Romawa da ke faɗin tsawon lokacin da tafiyar za ta ci. Duk wanda ya tambayi inda zai kai yara, sunaye kaɗan ne za a yi ta maimaita masa. Akwai Willis Creek, inda ɗan ruwa ke gudu a ƙasa kuma hanyar shimfiɗe take. Akwai Little Wild Horse, kusa da Goblin Valley, wanda idan aka haɗa shi da maƙwabcinsa Bell aka zagayo, tafiyar kilomita 13 ce ko kusa da haka, amma ana iya shiga a juyo duk inda aka gaji. Akwai Spooky, wanda a wasu wurare faɗinsa bai kai santimita 30 ba, inda yaro ke wucewa yana dariya, babba kuwa sai ya cire jaka ya bi a karkace yana riƙe numfashi. Wanda surukina yake so shi ne Keyhole, a gandun Zayon: gajere ne, ana yawan fara koya wa sababbi igiya a cikinsa.

Da na nuna masa ba na so, sai ya ce, "Yaya, ni fa ba yaro ba ne. Na yarda. In wani abu ya faru ni na jawo wa kaina."

Wannan magana ce ta hana ni barci, don a zahiri ba ta da aibi. Baligi ne, da hankalinsa, ransa kuma ba a hannuna yake ba. To amma da me ya yarda? Ya yarda da abin da ya gani a bidiyo: igiya, tsayi, ruwa mai sanyi, ɗan tsoro mai daɗi. Abin da ke kashe mutane a waɗannan wurare ba ya cikin bidiyon.

Ni a Agadas na tashi. Duk ɗan garin ya san Telwa: yashi ne busasshe mafi yawan shekara, sai da damina a yi ruwa can cikin duwatsun Ayar, mu a gari ko ɗigo ba mu gani ba, sai ga kwari ya cika ya taho da itatuwa. A Satumban 2009 ruwan ya shigo gari ya rushe gidaje masu yawan gaske. To Telwa shimfiɗe yake, mai gudu yana da inda zai gudu. Ka ɗauki irin wannan ruwa ka cusa shi cikin tsagin da bai fi faɗin ƙofar ɗaki ba, bango ya miƙe sama ta ko'ina. Daminar Yuta da Arizona ma tana faɗuwa kusan lokaci ɗaya da tamu, daga Yuli zuwa Satumba. Ranar 12 ga Agustan 1997, a tsagin Antelope na ƙasa, cikin yankin ƙabilar Nabaho a Arizona, ruwa ya kashe masu yawon buɗe ido 11, bakwai daga cikinsu Faransawa. Inda suke kusan ba a yi ruwa ba. Hadarin ya zuba ne can sama, fiye da kilomita 10 daga wurin. Shi kuwa Keyhole da surukina yake so, ranar 14 ga Satumban 2015 ya ci mutum bakwai, dukansu sun haura shekara 50, suna da takardar izini da kayan aiki. Matsalar irinsa ita ce, da zarar ka sauka da igiya ka janye ta, baya ta rufe. Gaba kawai ta rage, ko da ka ji rugugin ruwa.

Saboda haka "na yarda" ɗin surukina ba da haɗarin ya yarda ba, don bai san shi ba. Da ni ya yarda. Fassarar maganarsa ita ce: na san Yaya ba zai kai ni inda zan halaka ba. Ɗiyata ma abin da take faɗa ke nan, sai dai ita ba ta yi masa ado da kalmomin manya ba. A wannan wuri, mai shekara 24 da mai shekara 6 matsayinsu ɗaya. Shi ya sa nake ganin wanda ya san hanya ba ya iya sauke amana daga wuyansa don kawai sabon shiga ya ce ya ɗauke masa. Ba ya da hannun da zai ɗauke ta.

Na san abin da wani zai ce, don ni ma na faɗa wa kaina. Idan haka ne, a bar yara a gida mana. A garinmu yaro ɗan shekara 7 yana kiwon awaki, yarinya tana jan guga a bakin rijiya, ba wanda ya ce an zalunce su, kuma da haka suka san duniya. Yaron da ba a bari ya taka dutse ba, ranar da ya taka shi kaɗai zai faɗi. Na yarda da wannan ƙwarai. Amma haɗari iri biyu ne. Akwai wanda yaro ke gani da idonsa: dutse mai santsi, tudun da ya fi ƙarfin ƙafarsa, ƙuncin da ke sa gabansa faɗuwa. Wannan malami ne. Ya goge gwiwa, ya yi kuka, gobe ya san inda zai sa ƙafa. Akwai kuma wanda ba ya gani, kuma ba abin da ƙwazonsa zai yi a kai: hadarin da ke bayan tsauni. Wannan ba ya koya wa kowa komai. Yaron da ya tsira daga gare shi bai ma san ya tsira ba. Na farko zan ba ɗiyata gwargwadon abin da za ta iya. Na biyu ni ne zan tsaya tsakaninta da shi, kuma in na yi sakaci ba zan fake da ƙaddara ba, tunda an ba ni sani an hana ta.

Na zaɓi Little Wild Horse: ba igiya, kowane taku ana iya komawa da baya, kuma in ta gaji zan iya saɓa ta a kafaɗa. Na so in ce da wannan zaɓi hankalina ya kwanta. Bai kwanta ba, don na san a watan Mayun 2020, a wannan tsagi da kowa ke kira na iyali, ambaliya ta kashe yara mata biyu ƴan gida ɗaya, mai shekara 7 da mai shekara 3. Lambar da ke kan hanya wahalar jiki take aunawa. Ba ta san yanayin ranar da za ka shiga ba.

Mun yi sammako, tafiyar kusan awa huɗu a mota daga Salt Lake City. Hasashen yanayi ya ce akwai yiwuwar tsawa da yamma, ni kuma na lissafa za mu fito kafin azahar. Amma mun makara a hanya, rana ta yi sama kafin mu isa. Muna cikin kwarin da ke kaiwa bakin tsagin, sama garau a kanmu, sai na hangi wani gajimare yana tasowa can arewa, a gefen da ruwan tsagin ke gangarowa. Fari ne, ƙasansa ya fara duhu. Motoci cike da wurin ajiya, wasu iyalai suna wuce mu suna shiga da yaransu.

A nan na gane ashe zaɓen daren jiya shi ne mai sauƙi. Na ji raina yana kawo mini hujjoji, kuma ba ko ɗaya da ta shafi yarinyar: kuɗin mai, awa huɗu, baƙon da ya taso daga Yamai, kunyar a ce Yaya matsoraci ne, ga Turawa da jarirai a goye suna shiga. Na ce mu juya.

Ɗiyata ta zauna a yashi ta fashe da kuka. "Baba, ai ka yi alkawari!" Surukina bai ce uffan ba, ya dubi sama, ya dube ni, ya kama hanyar mota.

Muka koma Goblin Valley, ta yi wasa cikin duwatsun nan masu kama da tukwane a kife, ta manta. Ni kuwa idona na kan arewa har la'asar. Gajimaren ya yi duhu, ya yi ɗan rugugi, ya watse. Iyalan da suka wuce mu sun fito lafiya da hotunansu. A hanyar komawa gida surukina ya ce, cikin ladabi, "Yaya, ashe dai da mun shiga ba abin da zai faru." Na ce haka ne. Ban sami abin ƙarawa ba, har muka iso gida, yarinyar na barci a kujerar baya da jan yashi a takalmanta.