Ina Amfanin Suna Ga Wanda Ya Kwanta Dama?

Ku 'yan makaranta da ke zaune a ƙetaren kogin Kaduna, watau Kakuri da Makera da Barnawa da sauran unguwannin kudu, da wuya a sami wanda bai taɓa jin sunan barikin sojan nan na Kakuri da a ke kira Kalapanzin ba. Amma in malami ya tambaya wane harshe ne wannan, kaɗan ne za su ɗaga hannu. Ba Hausa ba ne, ba Gbagyi ba ne, ba kuwa Turanci ba ne. Sunan wani kogi ne can ƙasar Bama, wadda yanzu a ke kira Myanmar, cikin lardin Arakan. Cikin watan Disamba na 1944 Runduna ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma ta bi kwarin kogin nan tana korar sojan Japan, ta ƙetare duwatsu ta gamu da 'yar'uwarta Runduna ta 81, suka taru suka ci garin Myohaung cikin Janairu na 1945. Barikin Dalet da ke Kawo shi ma sunan wani wuri ne na ƙasar nan. Watau ke nan mun riƙe sunayen kogunan da a ka yi yaƙin a bakinsu, kullum muna faɗinsu wajen hawa mota, amma sunayen mutanen da su ka faɗi a wurin babu mai ambatonsu.

A ƙasar Ingila abin ba haka ya ke ba. In ka shiga ƙauye, kome ƙanƙantarsa, galibi za ka tarar da allon dutse ko na tagulla a jikin bangon majami'a, ko kuwa ginshiƙi a farfajiyarta, an sassaƙa sunayen 'yan ƙauyen da su ka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, daga baya a ka ƙara na 1939 zuwa 1945 a ƙarƙashi. Dalili kuwa shi ne, mutanensu fiye da 700,000 su ka halaka a yaƙin farko, hukuma kuma ta hana a komo da gawawwaki gida, inda mutum ya faɗi nan a ke binne shi. Uwa ba ta da kabarin da za ta ziyarta, sai 'yan ƙauye su ka tara kuɗi su ka yi mata allo maimakon kabari. Ƙauyukan da duk mazansu su ka komo lafiya ba su da yawa, har wani marubuci, Arthur Mee, ya ƙidaya 32 ya sa musu suna ƙauyuka masu godiya. Abin da ya fi ba ni sha'awa ga allunan nan shi ne, da yawansu an jera sunayen bisa bin haruffa, ɗan mai gona da ɗan baransa suna maƙwabtaka a layi guda.

To, ga tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami: shin wannan hakki ne da mamaci ya ke bin masu rai, ko kuwa al'adar Turawa ce kurum, wadda ba ta ɗaure kowa ba sai su?

Mai musu yana da hujja, kada ku raina ta. Zai ce wanda ya mutu ya gama da duniya, dutse ba ya ƙara masa kome, ba ya rage masa kome. Zai ce a ƙasar Hausa ba a san gina kabari da rubuta suna ba. A kan tara ɗan tudun ƙasa, damina biyu ko uku ta baje shi, attajiri da almajiri su zama ɗaya, kuma malamai sun yaba da haka don yana karya girman kai. Zai ƙara da cewa ba a rasa hanyar tunawa ba: ga sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ga addu'a, ga jikan da a ke sa wa sunan kakansa, har matan gida su riƙa sakaya shi da Abba ko Baba don kunya. Kiristan ƙasar nan kuma zai ce sunan da ke rubuce wurin Allah ya fi wanda ke rubuce a bango. Wani ma sai ya rufe da karin maganar nan, wai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Duk na yarda da rabin maganar. Amma ku saurari abin da ya faru, sa'an nan ku auna sauran rabin da kanku.

Cikin 1917 a ka kafa hukumar kula da kaburburan sojan daular Ingila, bisa ƙoƙarin wani mutum Fabian Ware. Ƙa'idarta mai kyau ce ƙwarai: kowane mamaci a rubuta sunansa, a kan kabari ko a kan allo, janar da kurtu dutsensu iri ɗaya. A Faransa da Beljiyam an cika alkawarin nan. A Afirka fa? Sojan Nijeriya sun yi yaƙi da Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a Garwa da Mora da Banyo, sa'an nan a ka kwashe su cikin jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, inda su ka sha wuya ƙwarai a Mahiwa cikin Oktoba na 1917. Bayan masu bindiga akwai 'yan dako, masu ɗaukar harsashi da abinci a ka, waɗanda yunwa da atuni da ciwon huhu su ka kashe fiye da yadda harsashi ya kashe. Da a ka zo maganar duwatsun kabari, cikin 1923 Gwamnan Gwalkwas, Guggisberg, ya ba da shawara cewa wai talakan ƙasar ba zai gane ma'anar dutsen ba, ba kuwa zai ga darajarsa ba. Da irin wannan ra'ayi a ka bi Afirka, aka bar kaburbura da yawa daji ya cinye. Sai cikin Afrilu na 1921 da ɗari, watau 2021, hukumar ta fitar da rahoton bincike ta amsa laifinta: mutum 116,000 a ƙalla, watakila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka ta Gabas da Masar, ba a rubuta sunayensu ba ko kuwa ba a tuna da su ba sam. Ministan tsaron Ingila ya tashi a majalisa ya nemi gafara.

Ku lura, maganar Gwamnan nan da maganar mai musunmu sun yi kama, kamar dai 'ya'yan uwa ɗaya. Amma ba ɗaya ba ne. Wanda ya bar kabarin ubansa ba suna don tawali'u, ya san inda kabarin ya ke, ya yi masa salla, ya karɓi gaisuwa, shi ya zaɓi shirun da kansa. Matar ɗan dakon da ya mutu a hanyar Mahiwa ba ta zaɓi kome ba. An ɗauki mijinta da suna, an rubuta shi cikin littafin albashi da suna, an kira shi fareti da suna. Ranar da ya daina amfani sai a ka ce ai mutanensa ba su damu da suna ba. Hausawa sun ce suna linzami ne. Wanda ya kama linzamin ya ja mutum zuwa mutuwa ba shi da bakin cewa linzamin ba kome ba ne. A ganina nan hakkin ya ke. Allo ba ya amfanin mamaci a kabarinsa, amma shaida ce a kan masu rai cewa sun karɓi ran wane ɗan wane, ba ran "waɗansu mutane" ba. Lissafi ya kan ce dubu kaza, zuciya ba ta motsi. Suna guda kuwa ya kan sa ka tambaya ɗan wace unguwa ne, wa ya bari.

A yaƙi na biyu an gyara da dama. A maƙabartar soja ta Taukkyan, kusa da Rangun, akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da na mutanenmu. Sai dai tsohuwar da ke Makera ina ita ina Rangun?

Saura wata matsala wadda ta fi ta farko wuya, ita ce kuwa ta shafe ku kai tsaye. A ƙauyen Ingila majami'a guda ce, kusan kowa nata ne, saboda haka bangonta bangon gari ne. Kaduna ba ƙauye ba ce. Gari ne da soja da reluwe su ka haifa; Gwamna Lugga ya maido hedkwata nan daga Zungeru cikin 1917, jirgin ƙasa kuma ya kwaso mutane daga kowace kusurwa ya sauke a tashar kudu. Bataliyan da ta tafi Bama haka ta ke: Bahaushe da Babarbare da Tibi da Bajju da Ibo da Bayarabe, mai salla da mai zuwa coci da mai bin addinin kakanni, tukunya ɗaya, rami ɗaya. In wata ikilisiya ta Kakuri ta ce za ta rubuta nata kaɗai, ba ta yi laifi ba, kowa ya fi sanin na gidansa. Amma allon zai faɗi gaskiya guntuwa, zai nuna wa yaro kamar wanda ya mutu kusa da kakansa ba ya cikin lissafi. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogin nan ya zama kamar iyaka, Kirista su ka yawaita a kudu, Musulmi a arewa. Garin da ya rabu haka, in ya shiga raba matattunsa ma, ya ƙara wa kogin faɗi. Ni dai da za a bi tawa, sai a rubuta 'yan unguwa duka, kowa da sunan da uwarsa ta san shi da shi, ko da allon a bangon majami'a zai tsaya.

Wani yaro mai kaifin hankali zai ce, "Malam, yaƙin ma ai ba namu ba ne, na masu mulkinmu ne." Gaskiya ne, da yawa ba su san abin da ya haɗa Ingila da Jamus ba. Wani albashi ya kai shi, wani hakimi ne ya cika adadin da a ka ɗora wa ƙasarsa da shi. Ku dubi Chari Maigumeri: a gefen Jamus ya fara soja a Kamaru, Ingilishi su ka kama shi a Garwa, ya koma cikin rundunarsu, ya yi Habasha ya yi Bama, ya bar aiki cikin 1953 da girman kyaftin. Da harsashi ya same shi a Garwa, da abokin gaba za a kira shi. Da a Bama ne, da jarumi. Mutumin kuwa guda ne. Saboda haka rubuta suna ba yabon yaƙi ba ne, ba kuwa wanke waɗanda su ka kira shi ba ne. Nijeriya ma da ta ɗauke ranar tunawa da mazan jiya daga 11 ga Nuwamba ta mai da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare cikin 1970, ta gaji wannan tambaya, gama waɗanda su ka faɗi ta kowane gefe 'ya'yanta ne, waɗansunsu ma a Kaduna su ka yi makaranta tare.

Waɗanda su ka komo sun sami maraba, har Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙa, Maraba da Soja. Yanzu su ma kusan duk sun bi 'yan'uwansu, wanda ya je Bama yana ɗan shekara 18 ya kai ɗari ko ya kusa. Wanda ke son tattara sunayen sai ya nufi 'ya'yansu da jikokinsu, ya tambayi ko akwai lambar yabo ko takardar sallama cikin adaka, gama lambar soja ta mutum tana jikin takardar, da ita a ke binsa cikin rajistar hukumar kaburbura. Zai gamu da wahala guda. Magatakardan soja na zamanin nan sau da yawa ba su tambayar sunan uba, sai su haɗa sunan mutum da na garin da ya ce ya fito, su rubuta Musa Bauci ko Audu Katsina. Bataliya ɗaya ta kan tara masu suna iri ɗaya har da dama, waɗansu kuma sunan da su ka bayar a bariki ba shi ne wanda a ka raɗa musu ranar suna ba.