Hoton da ba ya koɗewa da amanar mai wanke shi

Duk wanda ya taɓa buɗe adakar mahaifiyarsa ya san takaicin ganin tsohon hoto ya koɗe, fuska ta dusashe, riga ta saje da bango. Azurfar da ke cikin takardar hoto ba ta jure wa danshi da gurɓatacciyar iska. Amma akwai wata hanyar wankin hoto da wani Ba'ingile mai suna William Willis ya yi wa rajista a shekarar 1873, wadda ke amfani da falatinum, daga baya kuma aka haɗa da ɗan'uwansa faladiyum, lokacin da yaƙin duniya na farko ya sa falatinum ya yi tsada. Ana gauraya gishirin waɗannan ƙarafa da wani gishirin ƙarfe mai jin haske, a shafa wa takardar auduga da burushi, a bari ta bushe, a ɗora negatif a kanta, a shanya a rana ko a ƙarƙashin fitila ta musamman, sannan a wanke. Ƙarfen yakan nutse cikin zaren takardar, kuma da yake falatinum ba ya tsatsa, hoton zai rayu muddin takardar na raye.

Wannan hanya tana da sharaɗi mai wuya: dole girman negatif ya zama daidai da girman hoton da ake so, domin manna su ake yi fuska da fuska. Saboda haka mutanen da suke ɗaukar manyan akwatunan hoto masu nauyi. A shekarar 1995 wani Ba'amurke, Dan Burkholder, ya wallafa littafi kan yadda za a haɗa negatif da kwamfuta. Ana ɗaukar hoto da kyamarar zamani, a juya fari ya koma baƙi, a buga shi da injin fesa tawada a kan leda mai garai-garai, a kowane girma aka ga dama. Sauran aikin kuma na hannu ne, kamar a zamanin Willis.

To, a nan tambaya ta taso. Wanda ya miƙa wa jama'a irin wannan hoto, mai kamannin aikin ƙarni na 19 alhali kwamfuta ce ta haifi uwarsa, gaskiya ya faɗa ko yaudara ya yi?

Masu suka suna da hujja. Tsohon negatif shaida ne na ido da ido, domin hasken da ya taɓa fuskar mutum shi ne ya taɓa gilashin. Frederick Evans, wanda ya shahara da hotunan manyan majami'un Ingila, ya ƙi taɓa negatif ɗinsa da kowane irin gyara, kuma da takardar falatinum ta yi wuyar samu, sai ya ajiye sana'ar. Ledar da inji ya buga kuwa ba ta taɓa ganin kowa ba. Lissafi ne aka zuba mata.

Sai dai gyaran hoto ya girmi kwamfuta. Tun da daɗewa masu hoto ke goge tabon fuska da fensir a bayan negatif. Irving Penn, wanda ya farfaɗo da falatinum a shekarun 1960, yakan faɗaɗa negatif ɗinsa, ya shafa wa takarda magani sau da dama, ya haskaka ta fiye da sau ɗaya. Da haka ya wanke hotunan guntayen taba sigari da aka tsinto a titunan New York, aka baje su a 1975, kuma ba wanda ya kira shi maƙaryaci. Bugu da ƙari, kwamfuta ba ta sauke wa mai sana'a nauyi ba. Sai ya buga tsanin launuka daga fari zuwa baƙi, ya auna, ya gyara lissafi, ya sake bugawa, har takarda da tawada su fahimci juna. Danshin ɗaki kaɗai na iya ɓata masa aikin yini.

A ganina, nauyin al'amarin yana ga daɗewar hoton. Ƙaryar baki tana mutuwa da masu jinta. Hoton falatinum kuwa zai wuce mai ɗaukarsa, ya wuce jikokinsa, ya isa hannun mutanen da ba su da wanda za su tambaya. Idan an cire wani daga cikin taro, ko an ƙara abin da bai faru ba, ko ma na'ura ce ta ƙirƙiro siffar gaba ɗaya, kamar yadda ake iya yi yau, to an yi wa ƙarya zanen dutse. Daidaita haske da inuwa fassara ce, kuma kowane mai hoto tafinta ne. Sauya abin da ya auku ba tare da sanarwa ba cin amanar ƴan baya ne.

Maganin kuwa yana cikin al'adar malamanmu masu kwafar littattafai da hannu, waɗanda sukan rubuta sunansu a ƙarshen aiki, wani lokaci har da ranar gamawa. Mai wankin hoto ma ya rubuta da fensir a bayan takarda: yaushe aka ɗauka, yaushe aka wanke, da wane irin negatif, me aka gyara. Ƙungiyoyin al'adu da ke tattara tsofaffin negatif na masu hoton garuruwanmu za su iya cin moriyar wannan dabara, su kwafe su da na'ura, su adana na asali, su wanke sababbi masu ɗorewa, muddin sun kiyaye wannan ƙa'ida. Hausawa sun ce gaskiya dokin ƙarfe ce. Wanda ya zaɓi ƙarfen da ba ya tsatsa don ajiye fuskokin mutane, ya wajaba ya faɗa wa masu zuwa yadda ya yi aikinsa.